Lojik analaiza mai layi 8: abin da ta nuna mini a na'urar bibiyar tarakta

Lojik analaiza ɗin nan 'yar baƙar roba ce da za ta ɓuya a tafin hannu. Babu sunan kamfani a jikinta, sai rubutun 24MHz 8CH da jerin ƙafafu goma, takwas na ɗaukar sigina, a cikin ragowar akwai GND, wato layin sifili da ake auna wutar sauran layukan da shi. Ana haɗo ta da gajerun wayoyi masu launi-launi da kebul na Mini-USB. A kasuwannin intanet na China sau da yawa ba ta kai dala 10 ba. Tawa daga Legas aka sako mini ita a mota na karɓa a Kwangila, domin lokacin da na zagaya shagunan kayan lantarki na Sabon Gari ban ci karo da ita ba. Kwaikwayon tsohuwar na'urar kamfanin Saleae ce, wanda nasa na yanzu ɗaruruwan daloli ake sayar da su.

Aikinta guda ɗaya ne. Kana maƙala wayoyinta a ƙafafun IC (ƙananan ƙwayoyin lantarkin da ke kan allo) ko a layukan da ke tsakanin sassa biyu, ita kuma tana duba kowane layi, har sau miliyan 24 a sakan, ta rubuta ko akwai wuta ko babu, wato 1 ko 0. Kwamfuta ta zana maka wannan a jere bisa lokaci. Duk mai rubuta manhajar Arduino ko ESP32, ƙananan allunan lantarkin da ake sarrafa na'urori da su, a garin nan na Zariya, in har aikinsa ya kai ga haɗa sassa biyu ko uku su yi magana da juna, ina ba shi shawara ya mallake ta tun kafin ya ƙara sayen wani allon lantarkin. Amma tana da iyaka, kuma masu sayarwa ba sa faɗa.

Aikin da ya sa na san darajarta na wani dattijo ne da ke ba da hayar taraktoci a ƙauyukan wajen Giwa da Shika. Da faɗuwar damina kowa haro da huɗa yake nema a lokaci guda, tarakta tana fita da asuba ba ta dawowa sai dare, kuma lissafin hekta nawa aka yi yana tsakanin direba da mai gona. Ya ce da ni, "Ɗana, ba zargin kowa nake ba. So nake in an ce hekta biyar, ni ma in ga biyar ɗin da idona." Na ce, "To Baba, za a gwada." Na haɗa masa akwati: Arduino Nano, GPS samfurin NEO-6M, katin memori na SD, da ƙaramin allon OLED da zai nuna wa direba cewa na'urar tana aiki. Kowane sakan GPS ya faɗi inda ake, Arduino ya rubuta a kati, da yamma a zare katin a zana hanyar a taswira a auna faɗin gonar.

A kan tebur komai lafiya. Da aka je gona sai taswirar ta fito da giɓi. Layin huɗa yana tafiya sumul, sai ya yanke, ya tsallake wani wuri, ya ci gaba. A fayil ɗin kuma wasu jimlolin GPS sun guntule, an haɗe kan wata da wutsiyar wata. Kowace jimlar NMEA, wato tsarin rubutun da GPS ke aiko da bayaninsa, tana ƙarewa da alamar tauraro (*) da haruffa biyu na tantancewa, to duk wadda ta guntule manhajar tana watsar da ita, wurin da aka bi a wannan sakan ɗin ya tafi ke nan. Ga mutumin da a kan wannan lissafin zai karɓi kuɗi ya kuma biya direba, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Haƙƙin mutane ne.

Abin da kowa ya saba yi a irin wannan hali shi ne ya cika manhajar da Serial.print, umarnin da ke aika rubutu zuwa kwamfuta, don ya ga inda take tsayawa. A matsalar lokaci wannan dabarar tana ɓata abin da ake son aunawa. A gudun bit 9600 a sakan (bit shi ne 1 ko 0 guda ɗaya) kowane harafi yana cin kusan milisakan 1, kuma da zarar ma'ajiyar aikawa ta cika, manhajar tsayawa take yi ta jira. Ka ƙara layi biyu na bincike, ka sauya tafiyar komai, matsalar ta ƙaura ko ta ƙaru. Ita kuwa analaiza daga waje take kallo, ba ta karɓar ko sakan ɗaya daga hannun Arduino.

A cikin wannan ɗan akwatin hanyoyin magana uku ne, kuma kowace da yadda take daidaita lokaci. GPS yana amfani da UART, wadda ba ta da layin agogo ko kaɗan. Ɓangarorin biyu sun yi alkawari ne kawai a kan gudu, a nan bit 9600 a sakan. Layin yana zaune a 1, in ya faɗi zuwa 0 mai karɓa ya san an fara, sai ya ƙirga da nasa agogon ya leƙa tsakiyar kowane bit. Bit ɗaya na farawa, takwas na saƙo, ɗaya na rufewa, goma ke nan a kowane bayit, wato harafi ɗaya, don haka bayit 960 ne a sakan, kowane bit kuma mikrosakan 104. In agogunan biyu suka saɓa da kusan kashi 5 cikin 100, kafin a kai bit na ƙarshe mai karɓa ya zame daga inda ya kamata ya leƙa. Abu mafi muhimmanci shi ne GPS ba ya tambaya ko ka shirya. Kamar lebura ne da ke jefa wa magini tubali daga ƙasa ba tare da ɗaga kai ba: in maginin ya juya yin wani abu, tubalin faɗuwa zai yi. Abin da ke tare faɗuwar a Arduino Nano ma'ajiya ce mai bayit 64. A gudun 9600 tana cika cikin kusan milisakan 67. Duk abin da ya riƙe manhajar fiye da haka alhali GPS yana magana, to an yi asarar haruffa.

Allon OLED kuwa I2C yake ji, tsarin da kamfanin Philips ya fito da shi a 1982. Layi biyu ne, SDA na saƙo, SCL na agogo, kuma kowane bayit bugu tara yake ci domin na taran shi ne amsar mai karɓa cewa ya samu. Katin memori yana kan SPI, mai layin agogo shi ma, da layin shiga, da na fita, da na zaɓen wanda ake magana da shi.

Na maƙala layi ɗaya a bakin GPS, biyu a SDA da SCL, huɗu a kan SPI. Na takwas na ba shi wata ƙafar Arduino da ba a amfani da ita, na sa manhajar ta ɗaga ta duk lokacin da take karanta ma'ajiyar GPS. Wannan dabarar ita ta fi komai amfani a wurina, domin da ita kake ganin numfashin manhajarka kusa da na sauran sassan. Na ɗauki sakan goma a gudun 2MHz, wanda ya wadatar da UART da I2C.

Hoton da ya fito bai bar wurin gardama ba. NEO-6M yadda ya zo daga kamfani yana sako jimloli iri shida kowane sakan, RMC, VTG, GGA, GSA, GSV da GLL, kuma in taurarin ɗan'adam da yake gani sun yi yawa, kamar yadda ake samu a fili a gona, jimlolin GSV ƙaruwa suke yi, maganar ta kai wajen rabin sakan. A cikin ɗaki taurari kaɗan yake gani, shi ya sa a tebur matsalar ba ta cika fitowa ba. A tsakiyar wannan maganar sai ga layin SCL ya kama kaɗawa. Allon yana da ɗigo 128 sau 64, wato bayit 1024. Ka ninka da bugu tara ka raba da 100,000, wanda shi ne gudun da Wire, manhajar I2C ta Arduino, ke farawa da shi, za ka samu milisakan 92, ban da adireshi da umarnin da ke shiga tsakani. Duk tsawon wannan lokacin layina na takwas yana kwance. Casa'in da biyu ya fi sittin da bakwai. Na sa PulseView, manhajar da ke nuna abin da analaiza ta ɗauka, ta fassara layin GPS zuwa haruffa, na kwatanta da abin da ke kati, haruffan da suka ɓace su ne daidai waɗanda suka zo a ƙarshen zanen allo.

Katin memori shi ne na biyu, kuma nasa ya fi wuyar kamawa domin ba kullum yake yi ba. Kati yana karɓar rubutu a dunƙule, bayit 512 a lokaci guda, kuma aika su a gudun 4MHz bai fi milisakan ɗaya da ɗoriya ba. Bayan ya karɓa sai ya riƙe layin fitarsa a 0, alamar yana aiki a jira shi. Yawanci nan da nan yake saki. Amma lokaci-lokaci yana share wani ɓangare ko yana sauya wa bayanai wuri a cikinsa, sai jiran ya yi tsawo, kuma ƙa'idar katunan SDHC ta yarje masa har milisakan 250. Lambar gudun da ake bugawa a jikin kati ba ta gaya maka wannan. Kati zai iya zama mai sauri a jimlace, ya kuma yi maka tsayuwa ɗaya da za ta cinye jimlar GPS biyu.

Yaron da ke koyon aiki a wurina, ɗalibi ne a Nuhu Bamalli, yana tsaye yana kallo ya ce, "Malam, me zai hana mu ƙara wa GPS ɗin gudu zuwa 115200, ya gama maganarsa da wuri?" Tambaya ce mai kyau, kuma tunanin da yawancin masu farawa ke yi ke nan, cewa maganin jinkiri shi ne ƙarin gudu. Na ce ya yi lissafin da kansa. A 115200 bayit 11,520 ne a sakan, ma'ajiyar bayit 64 za ta cika cikin ƙasa da milisakan 6. Maganar za ta gajarta, gaskiya ne, amma duk tsayuwar da ta faɗo a cikinta za ta kwashe fiye da da. Akwai kuma wani abu: agogon 16MHz na Nano ba ya rabuwa daidai zuwa 115200, abin da yake bayarwa 117,647 ne, saɓanin kashi 2.1 cikin 100. Yana aiki, amma an riga an ci wani kaso na rangwamen da UART ke da shi. Wannan ma mun auna shi da analaiza a gudunta na ƙarshe, ya ga bit ɗin ya fi yadda littafi ya ce gajarta.

Gyaran bai buƙaci sayen komai ba. Na aika wa GPS umarni ya daina jimloli huɗu, ya bar RMC da GGA masu ɗauke da wuri da lokaci, maganarsa ta dawo wajen haruffa 150, ƙasa da kashi ɗaya cikin biyar na sakan. Na ɗaga I2C zuwa 400kHz da Wire.setClock, aika hoton allo ya sauko zuwa wajen kwata na yadda yake. Babban sauyin shi ne tsarin lokaci: manhajar ba ta taɓa allo ko kati sai GGA ta iso cikakkiya. Daga nan akwai shiru na sama da milisakan 800 kafin GPS ya sake buɗe baki, kuma ko kati ya yi tsayuwarsa mafi tsawo, ta shige cikin wannan shirun. GPS ɗin yana da ƙafar da ke bugawa sau ɗaya a kowane sakan, wadda a yawancin allunan aka haɗa da ƙaramar fitila. Na jona waya a wurin na mai da ita ma'aunin farawa, sai kowane sakan ya fito a hoto a jere: bugu, maganar GPS, kati, allo, shiru. Na kuma rage yawan kiran flush, umarnin da ke tilasta a kammala rubutu a kati nan take, domin kowane kira yana sa a sake rubuta bayanin fayil ɗin a wani wuri daban na katin. Taswirar da ta biyo baya layukan huɗa a haɗe suke daga kan gona zuwa ƙarshenta.

Yanzu ga inda na'urar take da rauni, kuma raunin nata irin wanda muka gama bayani ne. A cikinta akwai IC na Cypress mai lamba CY7C68013A, wanda ake kira FX2. Ba shi da rumbun ajiye abin da ya ɗauka, ma'ajiyarsa ta wucin gadi duka kilobayit 4 ce. Duk abin da ya gani dole ya tura wa kwamfuta nan take ta USB. Layi takwas bayit ɗaya ne a kowane dubawa, a 24MHz kuwa megabayit 24 ke nan a sakan. USB 2.0, wanda ya fito a 2000, ana rubuta masa megabit 480 a sakan, amma abin da ake samu a zahiri yawanci tsakanin megabayit 30 ne da 40, kuma duk na'urorin da ke kan hanya ɗaya rabawa suke yi. In kwamfuta ta yi jinkirin da bai kai kashi ɗaya cikin biyar na milisakan ba, ma'ajiyar ta cika, ɗaukar ta yanke. A tsohuwar laftof ɗina, in na jona ta ta hab tare da filashi ko modem, a 24MHz ba ta kai ƙarshen abin da na nema. In na ba ta ramin USB ita kaɗai, na sauko zuwa 12 ko 16MHz, ba ta ba ni matsala. Kebul ɗin da ta zo da shi ma siriri ne ƙwarai, na sauya shi da gajere mai kauri.

Lambar 24MHz ɗin kuma kada ta ruɗi kowa. Yawan dubawa ne, ba gudun siginar da za ta iya karantawa ba. Dubawa ɗaya kowane nanosakan 42 ke nan, kuma don ka yarda da abin da ka gani kana son aƙalla dubawa huɗu a kowane zagayen agogo. SPI mai 4MHz yana samun shida, lafiya lau. Mai 8MHz, iyakar abin da Nano ke iyawa, uku yake samu, fassarar tana fitowa amma ba na dogara da ita. ESP32 da ke tura hoto zuwa allon TFT a 40MHz kuwa ya fi ƙarfinta gaba ɗaya, sai dai ka rage gudun a manhaja lokacin bincike. Maganar leƙa USB mai sauri ko RAM na kwamfuta ba ta ma taso ba.

Abu na biyu, 1 da 0 kawai ta sani. Layukan I2C ba a tura su sama, resista ce ke jan su, sau da yawa mai 4.7k, kuma in waya ta yi tsawo wutar a hankali take hawa. Ƙa'idar 100kHz ta yarda hawan ya kai nanosakan 1000, ta 400kHz kuwa 300 kacal. Lokacin da aka so a kai allon gaban direba da doguwar waya, ya riƙa tsayawa jefi-jefi a 400kHz, analaiza kuma tana nuna mini kusurwoyi tsaf kamar babu komai, domin ita da ta ga wuta ta haye wani mataki sai ta rubuta 1. Sai da aka duba da osiloskop, na'urar da ke nuna ainihin hawa da saukar wuta, aka ga gefen siginar a kwance yake. Ƙaramar resista da gajarta waya suka magance shi. Hayaniyar da altaneta ke sakawa a layin wuta ita ma ba za ta nuna maka ba.

Na uku gargaɗi ne. An yi ta ne don siginar 3.3V da 5V. Batirin tarakta 12V ne, tsohon layin RS-232 da ke bayan wasu inbata yana hawa sama da ƙasa da sifili da wajen wannan adadin, ko wanne ka taɓa kai tsaye ka ƙona ta. GND ɗinta kuma a haɗe yake da na kwamfutarka ta kebul, babu abin da ya raba su. Masu gyaran inbata da caja su kula da wannan sosai, domin akwai allunan da GND ɗinsu ba a rabe yake da wutar gida ba, kuma a nan ba na'urar kaɗai ke cikin haɗari ba, har laftof da mai riƙe da ita. Ni in zan yi aiki da ita, ina zare cajar laftof in bar ta a kan batir.

Wajen manhaja ina amfani da PulseView ta aikin sigrok, kyauta ce kuma halal, tana loda wa na'urar ƙaramar manhajarta mai suna fx2lafw duk lokacin da aka jona. A Linux ba wata wahala. A Windows sai ka bi ta manhajar Zadig ka sa mata WinUSB, direban da ke sa kwamfuta ta gane na'ura, kafin a gan ta, kuma a kula a zaɓi na'urar da ta dace a jerin, kada a sauya wa linzami ko kibod nasa. Masu fassarar da ke cikin PulseView sun haura ɗari, har da na katin SD a kan SPI, wanda ke nuna maka umarnin da aka aika da amsar kati. Wani ƙaramin abin haushi: a jikin tawa an rubuta CH1 zuwa CH8, manhajar kuma D0 zuwa D7 take kiransu, don haka na manna takarda na sake lambobin. Ba ta zuwa da 'yan ƙugiyoyin kama ƙafar IC, kuma in babu su rabin aikin riƙe waya ne da hannu. A saye su tare.

Kowace shekara ɗaliban injiniya da na kimiyyar kwamfuta daga Samaru suna zuwa da aikin kammala karatu, kuma ƙorafin kusan iri ɗaya ne: firikwensin yana aiki shi kaɗai, allo yana aiki shi kaɗai, da an haɗa su sai abu ya rikice. Da yawa sukan sake sayen sassan, suna zaton na farkon jabu ne, alhali kuɗin a wurin iyaye yake fitowa. Abin yana damuna, domin sau da yawa sassan lafiyarsu ƙalau, adireshin I2C ne bai dace ba, ko an zaɓi yanayin SPI da ba shi ba cikin huɗun da ake da su, ko wani umarnin jira na delay ya riƙe manhajar ma'ajiya ta cika. Duk ukun a minti kaɗan analaiza ke nuna su. In ɗalibai huɗu ko biyar suka haɗa kuɗi suka sayi ɗaya tare da ƙugiyoyi da kebul mai kyau, ta ishe su har su gama. Wanda aikinsa ya shafi sauti, cajin batir ko wutar sola, ya fara neman osiloskop. Wanda kuma zai binciki SPI da ya wuce 6MHz, ya tara kuɗi ya sayi analaiza mai rumbun ajiya a cikinta.